Ranar da Na Shiga Gaban Babana a Kanton

Na ga abin da wasunku suka rubuto mini, wai ni ce mai taurin kai, wai wace irin budurwa ce za a sa mata rana ta ɗauki akwati ta nufi ƙasar Sin. To, na ji. Taurin kai kam ina da shi, ban taɓa musu ba, a nono na sha. Amma ku bari in ba ku labarin yadda aka yi tukuna, in ya so sai ku zage ni da hujja.

Sunana Bashira. A shekarar 1978 ina da shekara ashirin da ɗaya, muna zaune a unguwar Sa'alaba a Jidda, cikin wani tsohon gida da bangonsa ke fitar da gishiri saboda iskar teku. Mu uku ne a gidan: ni, da Babana Alhaji Rafi'u, da ƙanwarsa Gwaggo Mastura wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata. Asalinmu Hausawan Sudan ne, fasfonmu na Sudan, zamanmu kuma da iƙama, wato takardar izinin zama. Baba yana da shago a kasuwar Bab Sharif inda yake sayar da kayan alhazai, su filas na shayi, lema, kwanon samira da tasbaha. Shagon guminsa ne na shekara ashirin, amma a takarda sunan kafilinsa ne a kai, wani Balarabe mai suna Hamad da ya tsaya masa a wajen hukuma. Duk wanda ya zauna ƙasar nan ya san ma'anar haka. Ranar da kafili ya ga ba ka da sauran amfani, halas, sai ka nemi hanyar gida.

Ga abin da ba wanda ya sani sai ni: idon Baba yana tafiya. Ciwon suga ne ya ci shi a hankali, har ya koma inuwar mutum kawai yake gani. A shago ba a gane wa, don kowane kaya hannunsa ya san inda yake, masu saye kuma da murya yake gane su. Ya rantsar da ni kada in faɗa wa kowa, har Gwaggo, don ita magana ba ta kwana a cikinta. Idan za mu fita, shi ne a gaba ni a baya, kamar yadda kowace 'yar mutunci take bin ubanta. Mutane su ce kai, Bashira akwai tarbiyya. Ba su san daga bayan nan nake tuƙa shi ba, ina raɗa masa ta cikin mayafi: rami, dama, ga mota, ga wane nan ka miƙa hannu.

Sai kuma Abdulghaffar. Haifaffen Jidda ne, Bahaushe amma ɗan ƙasa, dogo mai wushirya, farar rigarsa kullum kamar yanzu aka sauke ta daga guga, in ya wuce ƙanshin turaren udu sai ya yi rabin sa'a a zaure. Hausarsa rabi Larabci ce, in ya ce "ya Bashira" sai in manta abin da nake yi. Ina son shi, kada wata ta ce ban faɗa ba. Matsalar ɗaya ce: shi ne mai bin takardun Hamad a ofisoshi. Abin da ya shiga kunnensa yau, ban da tabbacin ba zai kwana a kunnen kafili ba.

Iyayensa sun zo, an yi magana, an sa milka bayan wata biyu. Ga waɗanda ba su sani ba, milka ita ce ɗaurin auren da ake yi a nan tun kafin biki. Yarinya tana gidan ubanta, amma daga ranar izinin tafiyarta ya koma hannun miji.

Ana cikin haka lokacin baje kolin birnin Kanton na ƙasar Sin ya zo. Can Baba yake zuwa ya zaɓi kaya, su iso ta jirgin ruwa kafin Hajji. Ya je sau biyu a baya lokacin idonsa garau. Bana in bai je ba Hamad zai tambayi dalili, in kuma ya je shi kaɗai Allah kaɗai ya san ko zai dawo. Na yi sakandare a Wad Madani can Sudan wajen kawuna, ina jin Turanci daidai gwargwado, sai muka ce a matsayin tafinta zan bi shi.

Wayyo, ku zo ku ga tashin hankali. Gwaggo ta ɗora hannu a ka, wai ƙasar 'yan gurguzu, ƙasar da ba a kiran sallah, ƙasar da ake cin kare. Uwar Abdulghaffar ta zo da kanta, ta zauna a kan darduma tana shan shayi da ɗan yatsa a sama, ta ce ai babu komai, kawai dai sun ga a matso da milka zuwa Alhamis mai zuwa, alheri ba a jinkirta shi. Gwaggo ta yi guɗa. Ni kuwa na ce a raina, oho, ashe nan aka dosa. A ɗaura, sannan ango ya ce bai yarda ba, shi ke nan an rufe ni ruf ba tare da an yi faɗa da kowa ba.

Da yamma ƙanwar Abdulghaffar ta kawo mini kaset, don haka muke aika wa juna saƙo a lokacin. Na kulle ɗaki na saka a rikoda, na rage murya.

"Ya Bashira, wallahi ana ma afham, ban gane ba. Me za ki je yi a garin da ba kowa naki? A yi milka Alhamis, ba'dain, daga baya, mu yi magana, ni da ke."

Sau uku na saurara, na yi kukana na share. Sannan na danna jan maɓalli na ɗauki muryata a kan tasa: "Milka sai na dawo. In za ka iya jira, ka jira."

Abin dariya, Abdulghaffar ɗin dai Hamad ya aika ya yi mana takardar fita da dawowa. Ya kawo fasfo biyu ya miƙa wa Baba a bakin ƙofa, ko kallon labulen da nake bayansa bai yi ba. Gwaggo ta daina yi mini magana, amma ranar tafiya na tarar ta cusa mini dabino da yaji da soyayyen nama a gwangwani cikin akwati, ta ɗaure bakin da tsumma.

Tafiyar kam ba ta wasa ba ce. Jirgi ya sauke mu Karachi, wani ya kai mu Bankok, wani kuma Hong Kong, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga can muka hau jirgin ƙasa zuwa iyaka. A nan kowa yake sauka ya ɗauki kayansa ya taka wata gadar ƙarfe da ƙafa, sojoji masu koren kaki da jan tauraro a hula suna tsaye suna kallo. Ina baya da akwati biyu, ina ƙirga wa Baba taku. Da muka haye aka shigar da mu wani ɗaki aka ba mu shayi ba sukari, aka duba takardu, sannan wani jirgin ƙasan ya kwashe mu. Ta taga gonakin shinkafa ne kore shar har iya ganinka, ga ɓauna a cikin ruwa. Baba ya juya fuska wajen tagar kamar mai kallo, ni kuma ina faɗa masa abin da ke wucewa a hankali.

Kanton! Ni da na taso ina ganin cunkoson Hajji na ɗauka babu taron da zai ba ni tsoro. Ashe ban ga komai ba. Kekuna ne ko'ina kamar an ɓarar da buhun gero, ƙararrawarsu ba ta tsayawa, kowa da shuɗin kaya ko ruwan toka, maza da mata duk wando. Ga zafi mai ɗanko, ga ruwan sama ba sallama. Sai ga ni baƙa wuluk cikin abaya, ga Baba da farar jallabiya da rawani. Duk inda muka tsaya sai an kewaye mu. Wata tsohuwa har ta lashi yatsa ta goga a bayan hannuna ta duba ko zai fita. Ni ma na lashi nawa na goga mata. Aka kwashe da dariya, ita ma ta yi, babu haƙori ko ɗaya a bakinta.

Otal ɗinmu yana kusa da wurin baje kolin, cike da 'yan kasuwa daga ko'ina. A cikinsu har da Abdulwahid, maƙwabcin shagon Baba a Bab Sharif, mutumin da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan wurinmu. Ya gaishe mu da fara'a har kunne, ni kuwa na ƙara jan mayafi. A garin ba a tsayar da tasi a titi, sai ka je wajen ma'aikatan otal ka rubuta suna ka zauna jira, wani lokaci sa'a guda. Sun ba mu wani ɗan kati mai sunan otal ɗin da rubutunsu, suka ce in mun ɓata mu nuna wa kowa. Na jefa shi a jakata. Abinci kuwa farar shinkafa da dafaffen ƙwai, mu barbaɗa yajin Gwaggo, muna sa mata albarka.

Kwana uku aiki ya tafi lafiya lau. Baba ya ɗauki kwano ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne, ya shafa bakin filas, ya buɗe lema ya ji ƙarfin ƙarfenta. Ni ina gefe ina karanta masa lamba da launi da Hausa, kamar muna hirarmu. Mutanen Sin ɗin har mamakinsa suke, don sau biyu yana mayar musu da kwano mai tsaga da su masu ido ba su gani ba.

Rana ta huɗu Juma'a ce. Baba ya ji an ce akwai wani tsohon masallaci a cikin gari, ya ce ko a rufe yake yana so ya taɓa bangonsa. Muka jira tasi har rana ta take, babu. Wani ma'aikaci ya rubuta mini lambar bas da sunan wurin a takarda, ya nuna mana tasha da hannu.

Bas ta zo tana nishi, cike maƙil. Mutane suka yi kanta. Ni kuma, da hankalina da komai, na yi abin da na saba tun ina yarinya: na ja baya don uba ya fara shiga. Na ce masa ɗaga ƙafa, taki biyu. Ya hau, da lemarsa a hannu. Wasu mata uku suka kutsa tsakaninmu, ƙofa ta rufe ƙaf, bas ta ja.

Katin otal yana jakata. Takardar masallaci tana hannuna. Babana yana cikin bas, ba ido, ba yare, ba ko sisin ƙasar a aljihunsa.

Na cire takalmi na bi ta da gudu ina dukan ƙarfe, kekuna suna kauce mini, wani ya faɗi, ban tsaya ba shi haƙuri ba. Ta sha kwana ta ɓace. Na tsaya a tsakiyar titi ina haki, abaya ta jiƙe ta manne mini, mutane sun fara taruwa kallo. Na yi musu Turanci, na yi Larabci, har Hausa na yi, ba wanda ya gane. A lokacin na tsani kaina, na tsani kunyar da aka koya mini, na tsani duk bakin da ya taɓa cewa Bashira akwai tarbiyya. Tarbiyyar ce ta jefa ubana a bas shi kaɗai.

Allah ya taimake ni lambobinsu irin namu ne. Na koma tasha na jira mai lamba iri ɗaya. Da ta zo ban san kunya ba, gwiwar hannu na sa na ture maza na shige, na manne a taga. Tasha ta farko babu shi. Ta biyu babu. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ta shiga bayan gida ce. A ta uku na hango taro a gefen titi, sun fi mutum ɗari, a tsakiyarsu kuma baƙar lema a buɗe an ɗaga ta sama iya tsawon hannu, yadda jagoran alhazai yake yi a Mina don ɓatattunsa su gan shi.

Na dira tun bas ba ta gama tsayawa ba. Yana tsaye ƙyam, rawani ya karkace, hannun ya gaji amma bai sauke ba. Na taɓa shi. Baba ba ya kiran sunana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, ke ce?"

"Ni ce, Baba. Sauke hannun."

Na kama hannun nan na ɗora a kafaɗata, na juya na ba shi baya.

"Daga yau ni ce a gaba."

"Mutane za su gani, Uwata."

"Su gani."

Masallacin da ba mu je ba ke nan. Na nuna wa wata mai sayar da tikiti katin otal, ta raka mu har bas ɗin komawa, ta tayar da wani saurayi ta zaunar da Baba. Muka shiga harabar otal a haka, ni a gaba ba takalmi, shi a baya da hannu a kafaɗata. Wa za mu tarar a bakin ƙofa yana sakace haƙori? Abdulwahid. Ya dubi hannun, ya dubi idon Baba, ya ce sannunku da dawowa. Kwana huɗu ya riga mu barin garin.

Sauran kwanakin haka na yi ta jan Babana a Kanton, gaba gaɗi. Muka hau bas, muka hau jirgin ruwan da ke haye kogi, muka gama zaɓen kaya tsaf. Ban ƙara raɗa ba, da ƙarfi nake cewa rami.

Ko da muka sauka Jidda labari ya riga mu. Gwaggo ta tare mu a zaure tana kuka, ta riƙe fuskar yayanta tana cewa ashe haka, Yaya, ashe haka, ni da nake zuba maka abinci kullum. Ni ko harara ba ta samu damar yi mini ba.

Bayan la'asar Abdulghaffar ya zo. Ya rame, na lura, kuma na ji daɗin hakan, Allah ya yafe mini. Ya zauna a gaban Baba ya sunkuyar da kai, ni ina bakin ƙofa da tiren shayi. Ya ce Hamad ya ji komai, yana neman Baba gobe da safe, kuma da alama wani zai sa a shagon. Amma shi ya yi tunani ya samo mafita. A yi milka Alhamis. Tunda shi ɗan ƙasa ne zai roƙi Hamad ya mayar da kafalar hannunsa, ya sa ƙanensa a shago, Baba ya zauna gida ya huta, ba sai kowa ya ƙara ganinsa a kasuwa ana jansa ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Shi a ganinsa rufin asiri ya kawo.

Baba ya ci gaba da murza tasbaha. Na san abin da ke ransa. Zai ce to ne saboda ni, ya koma ɗaki ya zauna yana sauraron rediyo har mutuwa ta zo ta same shi. Mutumin da ya tsaya da lema a sama a tsakiyar Kanton.

Na dire tiren har kofuna suka yi ƙara. Na tambayi Abdulghaffar ko ƙanen nasa ya san kukan kwano mai tsaga. Na ce idon Baba ne ya tafi, ba kansa ba, ba hannunsa ba. Shago yana nan, Baba yana ciki, ni kuma zan zauna kusa da shi in zama idonsa.

"Mace a shago, a Bab Sharif? Inti majnuna? Kin haukace?"

"Matanmu nawa ke zaune a bakin titi suna sayar da gyaɗa? Wa ya mutu?"

Gwaggo tana ta ƙifta mini ido daga tsakar gida, na yi kamar ban gani ba. Abdulghaffar ya miƙe, ya gyara rigarsa, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ya Bashira, in kika ja shi a kasuwa gobe kowa yana kallo, ummi ba za ta ƙara taka gidan nan ba. Kin san me nake nufi."

"Na sani. Ka gaishe ta."

Ya fita. Na shiga ɗaki na cusa fuska a matashi don kada Baba ya ji, amma kunnen makaho ba a ɓoye masa kuka. Da safe dai na fito na tarar ya yi wanka, ya sa jallabiyarsa ta Idi, ya naɗa rawani, yana tsaye a zaure da hannu a miƙe yana jiran kafaɗata.

Muka ratsa Bab Sharif da hantsi, lokacin da kasuwa ta cika. Ban bi ta lungu ba, ta tsakiya na bi. Masu shaguna suka yi tsit, wani ya bar awo a sikeli yana kallo. Abdulwahid ya leƙo ya koma ciki da sauri. Baba kuwa sai sallama yake rabawa, yana kiran kowa da sunansa tun kafin ya gama amsawa.

Ofishin Hamad a sama yake, matakala goma sha tara, na ƙirga su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Na ƙwanƙwasa. Wanda ya buɗe Abdulghaffar ne, da fayil ɗin Baba a hannunsa. Ya tsaya ya cika ƙofar, idonsa ja kamar bai runtsa ba.

"Ki koma, don Allah. Har yanzu zan iya gyarawa."

Na ɗora hannuna a kan na Baba da ke kafaɗata.

"Ko ka matsa mu wuce, ko ka shiga gaba ka yi mana iso. Ɗaya za ka yi."

Daga ciki muryar Hamad ta taso, yana tambayar wane ne a bakin ƙofa. Abdulghaffar ya dubi fayil, ya dubi Baba, ya dube ni, bai matsa ba. Ni ma ban ja da baya ko taki ɗaya ba. Kuma wallahi, ku da kuke cewa ba ni da zuciya, ko a wannan lokacin ina son shi.